Akwati Na Goma Sha Bakwai

A ƙarƙashin kantin maganinsa, a wani gari bakin kogin Neka,
inda sanyi ke shigowa ta gindin ƙofa ba sallama,
Gottlob Wiedenmayer ya tara matattun da ba su da dangi.
Da rana yana auna wa masu tari garin magani,
da dare ya sauka da fitila
ya auna ƙafar abin da ya mutu tun ƙasa ba ta san sawun mutum ba.

Ni ce mai rubuta masa takardun suna,
Ulrike, 'yar ƙanwarsa, shekarata goma sha huɗu.
Rubutuna ya fi nasa kyau, iyakar dalilin ke nan.

Masu fasa dutse ke kawo su cikin buhun dankali,
jar ƙasa manne da su kamar busasshen jini.
Wani ya ce ƙashin bijimi ne,
wani ya rantse ragowar ruwan Ɗufana ce.
Kawu ya biya su duka biyu, bai yi gardama ba.
Ya ce, "Ƙashi ba ya ƙarya,
mu ne ba mu iya tambaya ba."

Masanan lokacin sun ce ƙadangaru ne da suka yi ƙiba,
masu jan ciki, ƙafafu a baje.
Shi kuwa ya jingine ƙashin cinya guda da tebur,
tsawonsa ya kai mini kafaɗa,
ya ɗora yatsana inda kansa ke shiga ƙugu:
"Ji nan. Wannan a tsaye yake ɗaukar kaya, kamar ginshiƙi.
Mai wannan ƙafa bai taɓa goga tumbinsa da ƙasa ba."

Daga nan rabo ya fara.
Masu ƙafar ginshiƙi a bangon hagu,
masu jan ciki a dama,
masu fiffike dab da taga,
wai ko a mace ba a raba su da sama.
Shekara ashirin da biyu yana jeri,
yana aika zane zuwa manyan birane,
amsa ta zo bayan hunturu biyu, wata ma har yau tana hanya.

Sai akwati na goma sha bakwai.
Rabin ƙugu ne, da wani siririn ƙashi da ya juya baya
inda na sauran suka fuskanci gaba.
Ya kai shi hagu, ya ƙi zama.
Ya kai shi dama, ya ƙi.
Daren Kirsimeti yana yanka mana gasasshiyar dinya
sai wuƙa ta tsaya.
Ya ƙura wa ƙugun tsuntsuwar ido har romo ya daskare,
ya ɗauki fitila, ya bar mu da yunwa.

Da safe ya ce, "Rubuta: ban sani ba tukuna."
Na ce, "Kawu, ai wannan ba suna ba ne."
Ya ce, "Manna dai. Duk ɗakin nan babu wanda ya kai shi gaskiya."

Ya rasu da tabon aidin a babban yatsa.
Yaran da suka biyo baya suka bar ƙafa suka kama ƙugu,
suka rushe hagunsa da damansa cikin lacca guda.
Ban yi fushi ba. Ko na yi, na kwana biyu ne.

Bara jikana ya kai ni gidan tarihi a jirgin ƙasa.
Ga mai ƙafar ginshiƙi a tsaye, an ɗaure shi da waya,
yara na ihu a ƙarƙashin haƙarƙarinsa.
Can a lungu na gane akwatinmu.
Sun ba shi suna mai tsawo kamar wutsiyarsa,
amma gam ɗin Kawu ya fi ƙarfin wuƙarsu:
a gefen katako, tawada ta koma ruwan ƙasa,
kalma ɗaya ta rage daga hannun yarinya,
tukuna.